Kada Ki Buɗe Bayan Kyamarar

Dandamisa.

Zuwa gare ki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin kuma tarar da Goggo Asabe da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa direbanku mai hankali ne, ya raba ku da sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Ki gaishe mini da Goggo da kyau, ki durƙusa har ƙasa, kada ki yi mata irin gaisuwar nan taki ta cikin hijabi da ba mai ji sai ke.

Yanzu da nake rubutun nan kin fita sallama da dangi, ke da ƙanwarki Sadiya. Gobe da safe za ki kama hanyar Zariya. Zan sa takardar a jakarki tsakanin zannuwa, kuma a ƙarƙashinta za ki ga kyamarata naɗe cikin tsohon ɗankwalina. Ba mantuwa na yi ba. Na ba ki ita.

Kafin ki taɓa komai a jikinta, ki ji wannan. Kada ki buɗe bayanta. Akwai fim a ciki, kuma a cikin fim ɗin akwai hoton da na ɗauke ki jiya da la'asar. Tun da na haife ki, shi kaɗai ne hoton fuskarki da na taɓa ɗauka. In haske ya shiga, ya tafi ke nan. Duk abin da zan faɗa miki a takardar nan, domin hoton nan ya fito lafiya ne.

Na ji abin da kika tambayi kakarki Inna ranar da ta zo daga Ikara don ta yi miki rakiya. Ina madafa ina tuƙa tuwo, ku kuma kun baje albam-albam ɗina a kan tabarma kuna neman wanda za ki tafi da shi. Ga na Sadiya tun tana rarrafe, ga na ƙanenki Habu da tayarsa, ga na babanku a gonar rake, har akuyar nan mai kunne ɗaya tana da hoto uku. Sai na ji kin ce a hankali, “Inna, ni ba a taɓa ɗaukata ba ne?”

Inna ta ce, “Ke ƙawata, da wannan hancin? So kike gilashin ya tsage?”

Sadiya ta yi ta dariya, ke ma kin ɗan yi. Ni kuwa na ci gaba da tuƙi har tuwon ya fi ƙarfin muciya. Ban iya amsa miki da baki ba, shi ya sa na ɗauko biro. Zan zo kan amsar, amma ki bar ni in bi ta hanyata.

Lokacin da na fara riƙe kyamarar nan ban fi shekarunki ba. Na gama firamare ke nan a Ikara, ina zaune gida. Kunyata ta fi taki. In baƙo ya yi sallama, bayan rumbu nake gudu. A gidan da ke jikin namu akwai wata malamar makaranta, Malama Saraya, mutuniyar kudancin Kaduna, tana haya. Ranar Lahadi in ta dawo daga coci takan shigo Inna ta yi mata kitso, kyamarar na rataye a wuyanta. Ni kuma ina leƙenta ta bayan labule.

Wata rana ta ce, “Ke Hajara, bakin naki haya kika bayar ne? Fito nan.”

Na fito ina kallon yatsun ƙafata. Ta ce, “Tunda ba kya iya kallon mutane, zo ki leƙa ta nan.” Ta ɗora mini kyamarar a ido.

Abin da na gani ta 'yar tagar nan ban manta ba. Inna ce zaune da matsefi a hannu, amma kamar ban taɓa ganinta ba. Na ga ashe gefen girarta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na ga yadda take cije leɓe in tana raba gashi. Na kalle ta son raina, ba wanda ya ce mini mara kunya, don fuskata tana ɓoye. Tun daga ranar na kamu. Da aka yi wa Malama canjin wurin aiki, ta bar mini kyamarar, ta ce ita ta sayi sabuwa.

Fim ɗina na farko ita ta sa mini da hannunta. Na ɗauki Inna, na ɗauki kaji, na ɗauki ƙanena Isiyaku yana wanke allo. Sai zumuɗi ya hana ni sukuni. Na zagaya bayan gida da tsakar rana, na ja 'yar mariƙar nan ta hagu sama, bayan ya buɗe. Ina tsammanin zan ga Inna 'yar ƙarama a ciki. Ban ga komai ba sai wani abu mai kama da ledar ruwan ƙasa. Na rufe da sauri, ban gaya wa kowa ba, na ci gaba da ɗauka har ya ƙare. Malama ta tafi da shi Zariya wanki, ta dawo da ambulan ba nauyi.

Ta ce, “Kin buɗe ko?”

Na gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Ta ce, “Share fuskarki. Kowa sai ya buɗe sau ɗaya. Ni nawa a bikin yayata na buɗe, har yau ba ta yafe mini ba.”

To ke ba sai kin yi naki ba, ni na yi miki. 'Ya'yan Goggo za su taru a kanki su ce ki nuna musu hoton, don sun saba da waya, ana ɗauka ana gani. Ki ce musu wannan ba ta nunawa sai an wanke. Za su yi miki dariya, su ce kin zo da kayan tarihi daga ƙauye. Ki bar su. Amma kada ki ba kowa ita ya riƙe, musamman ƙaramin nan mai kwance rediyo. In za ki makaranta ki ba Goggo ta sa a akwatinta. Sai lambar da ke sama ta kai ƙarshe, kin ji hannun da ake ja ya ƙi tafiya, sannan ki danna ɗan maɓallin ƙasa, ki juya mariƙar hagu a hankali har ki ji ta saki ta yi sakwa-sakwa. A lokacin ne kawai ake buɗewa, kuma a cikin ɗaki, ba a rana ba.

Bayan na daina buɗewa, sai wani ciwon ya bayyana. Nisa nake tsayawa. Ina son ɗaukar mutum, amma ba na son ya san ina wurin. Na bi kakanki, Babana, gona lokacin da dawa ta fitar da kai, na tsaya can bakin hanya na ɗauke shi. Da hoton ya fito na kai wa Malama Saraya ina murna, lokacin ba ta tashi ba tukuna. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta sake kawowa.

Ta ce, “Dawa ta yi kyau bana. Wannan farin abin a tsakiya, balbela ce?”

Na ce, “Baba ne.”

Ta ce, “To ki gaya masa ya yi haƙuri.”

Ita ta koya mini ma'aunin da nake bi har yau. Ki matsa kusa da mutum daidai inda za ki gaishe shi ya ji ba tare da kin ɗaga murya ba. Kuma kin ga ba yadda za a yi ki zo kusa haka ba ki yi gaisuwar ba. Da haka kyamarar nan ta koya mini magana da mutane. Duk matan da kike gani suna shigowa gidanmu suna kirana da suna, daga Makarfi har Kudan, yawancinsu ta haka na san su: na gaishe su, na tambayi yara, na ce ko zan ɗauke su. Na san halinki, za ki so ki tsaya bakin ƙofa ki ɗauki tsakar gidan Goggo daga nesa. Ki shiga ciki. A makaranta ma haka, ko babu kyamara a hannunki. Yarinyar da aka zaunar kusa da ke, ki riga ta gaisuwa. Ba za ki mutu ba, ni ban mutu ba.

Amma matsowa kusa ba shi ne izini ba. Wannan a Furana na koye shi, a wani suna da muka je da Inna, gidan malamai ne. Uwargidan malamin, dattijuwa mai kamun kai, tana zaune tana cin tuwo, ɗankwalinta ya zame, tana dariyar wani abu da aka faɗa. Hasken da ya faɗo mata ta ƙofa ya yi mini kyau, na ɗauka ba ta sani ba. Hoton kuwa ya fito fiye da duk wanda na taɓa yi. Don jin daɗi na yi ta nuna wa mata, yana yawo hannu zuwa hannu, har labari ya koma mata. Ta aiko a kira ni. Na tafi da hoton. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi hoton ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Kin iya, 'yar nan. Amma da kin tambaye ni, da na gyara ɗaurina na zauna miki. Yanzu furfurata ta je gidajen da ni ban taɓa shiga ba.”

Na ba ta hoton, na ɗauko nagatif ɗin, wato baƙar ledar da ake sake buga hoto da ita, na yanke nata da almakashi na miƙa mata. Bayan shekara ta aiko in zo in ɗauke ta da jikokinta, da lulluɓinta da carbinta. Shi ma ya yi kyau, ko da yake bai kai na farkon ba, gaskiya.

Don haka ki tambaya. Wanda ya ce a'a, ki sauke kyamarar ki yi masa godiya. Akwai gidajen da ba sa son hoto sam saboda karatunsu, kada ki ja da su, kada kuma ki yi ta ɓoye. Hoton mace kuwa, ita za ki fara kai wa kafin kowa ya gani. In ta ce kada a nuna, magana ta ƙare.

Da na yi aure, kyamarar ta biyo kayan ɗakina zuwa Dandamisa. Masu jere suka rasa inda za su sa ta, wata ta ɗora ta a saman kwanuka kamar ado. Babanku bai taɓa hana ni ba. Shi dai roƙonsa ɗaya, kada in ɗauke shi yana barci. Shekarar farko na bi shi wurin da suke dafa mazarƙwaila, don ina son tururin nan da ke tashi daga kasko in rana ta ratsa shi. Na ɗauki abin da zan ɗauka, na rataye kyamarar a jikin dirkar rumfa kusa da murhu, na shiga taya matan wurin zuba ruwan rake a ƙananan kwanoni. Wuni guda tana shan zafi. Na dawo gida kuma na ajiye ta a kan katanga ƙarƙashin rufin kwano, ga bazara. Da aka wanko, kowa ya fito ja kamar an tsoma shi a manja. Babanku ya duba nasa ya ce, “Mu muna dafa rake, ashe ke mu kike dafawa.”

Tun daga nan na samo gwangwanin madaran nan da kike gani a gindin randa. Kin sha tambayar Sadiya me ke ciki, ina jinku. Fim ne, a ƙulle cikin leda don kada laima ta shiga, ga kuma sanyin randa. Na sa miki guda ɗaya sabo a cikin safa, yana aljihun jakar. Gidan Goggo akwai firji, amma da wutar nan tamu mai zuwa da tafiya, gindin randa ya fi mini kwanciyar hankali. Kyamarar kuma kada ki bar ta a taga, kada ki bar ta a jaka cikin rana.

Ranar da za ki sa sabon fim ɗin, ki tuna da kawunki Isiyaku. Da ya sauke Alƙur'ani, ni na ce kada a kira mai hoto, ina nan. Na sa fim da gaggawa, ashe bakinsa bai kama ba. Na jera mutane, na ce wannan ya matsa, wancan ya durƙusa, har malaminsu ya gyara rawani ya tsaya mini. Ina ja ina dannawa, lamba tana tafiya, fim kuwa yana kwance abinsa bai motsa ba. Na fara zargi da na ga lamba ta wuce ƙarshe hannun bai tsaya ba. Har yau duk Sallah in ya zo gaishe ni, kafin ya zauna sai ya ce, “Yaya, hoton saukata bai iso daga wanki ba?” Ga shi da 'ya'ya huɗu. Kuma shi ne dai yake wahalar nemo mini fim a Kano yanzu da ya yi wuya, Allah ya saka masa. Abin lura ɗaya ne. In kin ja hannun dama, ki dubi mariƙar hagu. In tana juyawa, fim ya kama. In ba ta motsi, wasa kike yi. Na cikin kyamarar yanzu na duba shi ya fi a ƙirga, mariƙar tana juyawa.

Akwai wanda ya fi waɗannan zama mini a rai. Da wayoyi suka cika gari, masu wankin hoto suka yi ta rufewa, fim ya zama sai an nema. Sai na koma rowa. Fim ɗaya ya kusa shekara biyu a cikin kyamarar, ina tattalin 'yan ragowar. A lokacin Baba yakan biyo ta nan duk ranar kasuwar Makarfi. Ya jingine kekensa, ya zauna a zaure, ya fito da 'yar wuƙarsa yana fere muku rake yana yanka ƙanana-ƙanana, kuna kewaye da shi kamar 'yan tsaki. Sau da yawa nakan ɗauko kyamarar in mayar. Ina cewa bari sai Sallah, in ya sa babbar rigarsa. Allah ya karɓi abinsa da damina, Sallar ba ta zo ba. Allah ya jiƙansa. Yanzu hotonsa guda ɗaya gare ni a duniya, wancan na cikin dawa, wanda Malama ta ce balbela.

Ba na kuka a kai yanzu, nakan ma yi dariya in na duba. Amma ki ji ni. Kada ki jira ranar ado. Goggo tana tankaɗe, ki tambaye ta ki ɗauka. Mai ƙosan bakin layinku, in ta yarda. Inuwar ganuwa da yamma, takalman 'yan makaranta a ƙofar aji, duk abin da ya sa kika tsaya kika sake kallo. Ba na ce ki yi ta dannawa kamar mai waya ba. Daɗin abin nan shi ne kowane ɗaya sai kin yi tunani, kin jira haske, kin riƙe numfashi. Rana ta kasance a bayanki ko a gefenki, safe ko la'asar sun fi tsakar rana. Ki manne gwiwar hannunki a jiki. Amma ki ɗauka. Saura talatin da ɗaya a ciki, kuma hotonki ba zai fito ba sai kin cinye su. In kika yi rowa irin tawa, sai kin gama sakandare ba mu gan shi ba.

To, ga amsar tambayarki.

Ke ce 'yar fari. Kin san yadda abin yake a wurinmu. Ba na kiran sunanki, ba na zama in ƙura miki ido, ba na yabonki a gaban mutane. Da aka yaye ki Inna ta ɗauke ki zuwa Ikara, kika yi shekaru a can, kika dawo kina ce mini Yaya don haka kika ji Isiyaku yana faɗa. Ban gyara miki ba, ya ma fi mini sauƙi. Haka Inna ta yi wa yayanmu, haka aka yi mata. Ban ce abin banza ba ne. Akwai ladabi a ciki, kuma ya sa kin samu uwa biyu maimakon ɗaya. Amma ɗaukar hoto kallo ne, kallo kuma na ƙurilla. A ce na tsaya a tsakar gida na saita ki, na daɗe ina gyara zoben gaban kyamarar har idonki ya fito tar, kowa yana gani? Duk lokacin da na yi niyya sai hannuna ya yi nauyi, sai in juya kan Sadiya ko akuya.

In kin dawo hutu ki sake duba albam ɗin a natse. Hoton Habu da taya, hannun da ke riƙe da rigarsa ta baya naki ne. Na Sadiya a bakin rijiya, ga ki can gefe kin juya baya da tulu. Na akuyar ma, ƙafar da ke gefen hoton da lalle taki ce. Ba kuskure ba ne. Nakan jira ki shigo gefen tagar sannan in danna, in ce wa kaina ai ba ke na ɗauka ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa ke kina ƙirga fuskoki ba ne, kina ganin babu taki. Da na san haka kike gani, da ban kai yanzu ba.

Jiya kina zaune a kan turmin da aka kife kina tsintar wake, hasken la'asar ya bugi katangar ɗakina ya dawo miki a fuska. Inna tana tabarma, babanku ya shigo ke nan da ɗaurin rake a kafaɗa. Na so in jira su watse. Sai na tuna babbar rigar Baba. Na shiga ɗaki na ɗauko kyamarar, na matso daidai inda za ki ji ni, na ce, “Ke. Ɗago.”

Kin ji abin da Inna ta ce. “Yau kuma? Hajara, 'yar farin ce fa.”

Babanku ya ce, “Inna, a yi mata haƙuri. Ba ita ke kallo ba, kyamarar ce.”

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wa katanga, kafaɗunta na rawa don dariya, tana cewa, “Ni dai ban ga komai ba. In an tambaye ni, ina barci.”

Ke kuma kika ɗago. Abin da ba ki sani ba shi ne na daɗe da gama saitawa kafin in danna. Ina ta juya zoben gaba da baya kamar bai yi daidai ba, alhali ya yi. Kallonki nake yi. Na ga tabon girarki na faɗuwar da kika yi a dokin ƙofar Inna, wanda labarinsa kawai aka aiko mini. Na ga kunnuwanki na Baba ne sak. Na ga kina cije leɓe irin na Inna. Hancin kuma ba abin da ya same shi, kada ki biye wa tsohuwar nan, irin nata ne.

Ban san yadda zai fito ba. Ina jin kamar kin ƙifta ido. Haka fim yake, sai an wanke ake sani, kuma ni wannan jiran yana cikin abin da nake so a tattare da shi. Da na iya riƙe kyamarar a nan in ƙarasa fim ɗin da kaina. Amma na fi so ya zauna a wurinki, ki san cewa duk inda kika rataya ta, da kallon da na yi miki kike yawo.

In ya ƙare kin naɗe shi, ki mayar da shi cikin ɗan baƙin gwangwaninsa, ki roƙi Goggo ta raka ki Sabon Gari wurin dattijon nan mai tsohon shagon hoto, ta san shi, nan nake aikawa. Shi ba ya wankewa yanzu, amma ya san inda ake kaiwa, kuma bai taɓa ɓatar mini da ko ɗaya ba. Zai ce miki sati biyu. Ki sa rai da wata guda. Ki ce a haɗo miki da nagatif, kada ki baro shi.

In ya fito da kyau, alhamdu lillahi. In kuma ya fito a dushe, ko idonki a rufe, ko ma bai fito ba, kada ki damu kanki. Turmin yana nan, katangar tana nan, la'asar kuma kullum sai ta yi. Na riga na yi na farko a gaban Inna, na biyu ba zai yi mini wuya ba.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki tashi kafin Goggo ta tashe ki, ki ɗauki tsintsiya ba sai an ce ba. Abin da ba ki gane ba a aji ki tambaya, ko da muryar na rawa. Ki ci abinci, na san ki da barin kwano in akwai baƙin ido. Na sa miki mazarƙwaila a ƙasan jaka, rabi na Goggo ne, ko da Sadiya ta ce miki duka naki ne.

Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya haɗa ki da abokan arziki, ya buɗe miki karatu, ya kare ki daga abin da muke gani da wanda ba ma gani. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Kin san kowane hoto nawa nakan rubuta sunan mai shi a baya, da wurin da aka ɗauka. In naki ya fito, kada ki rubuta komai a bayansa, kada kuma ki ba Goggo ta rubuta. Ki kawo mini shi haka nan fari. Ni zan rubuta da hannuna.

Wassalam.

Wadda kike ce wa Yaya,
mahaifiyarki,
Hajara.